Inna da Bangon Jidda

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce, "Ke," ko ta ce wa ƙanena, "Kira mini yarinyar nan." Har na ba shekara hamsin baya, furfura ta fara cin goshina, ina nan a yarinyar nan. A Makka aka haife ni, can saman tudun Nakkasa, inda nake ganin maƙwabta suna rungumar 'ya'yansu a bakin ƙofa suna yi musu kirari. Inna ba ta ɗauki wannan ɗabi'a ba. Ta ɗauki Larabcin kasuwa, ta ɗauki shan shayi da na'ana, ta iya dafa shinkafar Buhari fiye da masu ita, amma kunyar ɗan fari da ta taho da ita daga gida tana nan ba ta ko girgiza ba. Ba ta yabona, ba ta kallon aikin hannuna in ina wurin. In na yi ɗinki mai kyau na ajiye a gabanta, sai ta tambaye ni ko na sauke tukunya.

Na san al'ada ce, na kuma san tana sona. Sai dai sanin abu daban, jin sa da kunne daban. Duk girman da na yi, ina son ranar da Inna za ta dubi abin da na yi ta ce ya yi kyau. Wannan kwaɗayin bai taɓa barina ba, har bayan da na aurar da nawa 'ya'yan, maigidana ya rasu, na dawo muka zauna tare da ita a benen da muka koma bayan an rushe unguwarmu.

Akwai wani abu kuma game da Inna. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suna tafiya suna tsayawa su yi noma ko aikatau su ƙara gaba. Mahaifinta ya rasu a gaɓar teku ta can ɓangaren, ana jiran jirgin ruwa, bai ga Ka'aba ba. Inna ba ta cika ba da wannan labari ba, amma shi ya zauna mata a rai. Bayan rasuwar Baba sai ta ƙudurta cewa ba za ta ƙara fita daga iyakar Harami ba, kada ajali ya riske ta a waje. Ba rantsuwa ta yi ba, ba ta kuma yi shela ba, kawai dai ta daina fita. Bikin 'yar ƙanwarta a Madina, ba ta je ba. Likitan ido a Jidda, ta ce idon ya haƙura. Ko Arfa, tunda ƙafa ta hana ta aikin Hajji, ta bar zuwa, don ita ma a wajen iyaka take. Muzdalifa da Mina takan yarda a zaga da ita a mota in ba lokacin mahajjata ba, ta leƙa tantunan da ba kowa a ciki ta ce a koma gida.

Ƙanena direban tasi ne tsakanin Makka da Jidda. Shi ya zo mini da labarin mutanen Italiya. Ya ce wasu ne suka zo Jidda suna nuna al'adun ƙasarsu, da kiɗa da zane-zane da abinci, ya yi musu jigilar akwatuna daga filin jirgi har bayansa ya ƙage. Da aka buɗe akwatunan, wai duwatsu ne da fasassun gilasai masu launi.

"Yaya, wallahi irin aikinki ne," in ji shi. "Yadda kike jera duwatsu a bakin abaya, haka su ma suke yi, sai dai su a bango. Wata tsohuwa ce za ta koyar da mata. Na riga na ba da sunanki, halas, magana ta ƙare."

Na yi masa faɗa a kan shisshigi, na ce ina ni ina Italiya. Da ranar ta zo kuwa, na riga shi shiga mota.

Wani tsohon gida ne a cikin tsohuwar Jidda, mai tagogin katako, aka gyara shi aka ba su aro. Malamar da za ta koya mana 'yar tsamurmurar tsohuwa ce, gashinta fari fat, hannuwanta kuwa kamar na mai fasa dutse, duk tabon yanka. Ba ta jin Larabci sai gaisuwa da "shuwayya, shuwayya," wato a hankali. Akwai wata mata 'yar Jidda da ta yi karatu a ƙasarsu, ita ce tafinta. Malama ta nuna mana hotunan benaye da bangwaye na garinsu, waɗanda aka yi wa ado da ƙananan duwatsu tun zamanin kakannin kakanni. An riga an gaya mata cewa yawancinmu ba ma son zana mai rai, ba ta kuwa yi gardama ba. Ta ce ganye da ruwa da gidaje sun ishi mutum aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin ba wuya a baki. Ga kututture da aka kafa wa ƙarfe mai baki, ga guduma mai kaifi gaba da baya. Ka ɗora guntun marmara ko gilashi a kan ƙarfen, ka riƙe da yatsu biyu, ka sara. In ka yi daidai ya rabu gida biyu cif. In ba ka yi daidai ba ya tarwatse, ko kuma yatsanka ya ji a jikinsa. Nawa yatsun sun ji. Ni da nake taƙama da allura, sai ga ni ina tsotsar babban yatsa a gaban 'yan mata sa'o'in 'ya'yana. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne Malama ba ta son a jera duwatsun sumul. Ni kuwa ɗinki ya saba mini da layi miƙaƙƙe. Sai ta zo ta tsaya a kaina, ta sa ɗan yatsa ta karkatar da wannan, ta danna wancan, ta ce ta bakin tafinta, kowane dutse ya ɗan kalli wani wuri daban, ta haka ne haske ke samun inda zai sauka. Ranar farko haushi ya kama ni, na ce a raina tsohuwar nan ɓata mini aiki take yi. Da na ja baya na duba, sai na ga nata ya yi rai, nawa kuma ya yi kama da daɓen banɗaki.

Haka muka yi ta zuwa har sanyi ya fara wucewa. Ƙanena ya sauke ni da hantsi, ya ɗauke ni bayan la'asar. A hanya kullum muna wuce allon nan da ke nuna wa waɗanda ba Musulmi ba inda za su ratse, sannan shingen bincike na Shumaisi, sannan alamun iyakar Harami. Tun ina yarinya nake wuce su ban taɓa kula ba. A wannan lokacin ne na fara lura cewa tsakanin inda aka tsayar da Malama da inda Inna ta tsayar da kanta akwai 'yar tazara, wadda mota ke cinyewa kafin ka gama shan ruwa.

A gida Inna ba ta tambayar abin da nake yi. Takan dubi plasta a yatsuna ta ce wa ƙanena, "Wannan fasa dutsen sai yaushe za a gama shi?" Wata rana na kunna mata waƙar da wani mawaƙinsu ya yi a zauren gidan da muke koyo, da na ɗauka a waya, irin wadda suke jan murya har jijiyar wuya ta tashi, ana goga masa goge manya da ƙanana. Ta saurara tsit har ƙarshe, sannan ta ce, "Allah ya ji ƙan mamacin." Na ce ai waƙar soyayya ce. Ta ce to Allah ya ba shi haƙuri.

Daga baya Malama ta ce za a ba kowace ɗaliba gefe guda na bangon tsakar gidan ta yi nata aikin, ya zauna nan ko bayan sun koma ƙasarsu. Ni na zaɓi in yi tudunmu na Nakkasa kamar yadda yake kafin a rushe shi: gidaje a kan gidaje, matakala tana hawa a tsakaninsu, tankunan ruwa a kan rufi, igiyoyin shanya. Ban zana kowa ba, amma na san gidan kowa. Na sa ƙofar mai sayar da dafaffen waken nan balila, na sa lungun da akuyoyi ke kwana, na sa tagar da Inna ke miƙo wa mahajjata waina da ƙosai da safe. Ina aikin ina jin daɗi irin wanda na daɗe ban ji ba. Sai da ya kusa ƙarewa hankalina ya dawo kan abin da na sani tun farko: an kafa shi da siminti a bango, bangon kuma a Jidda yake. Ba zan iya naɗe shi in kai gida in ajiye a gaban Inna ba, ko da za ta kau da kai.

Ban roƙe ta ba, don ba a haka muka saba ba. Ƙanena ne ya yi ƙarfin hali, muna cin abinci ya ce, "Inna, ranar rufewa za a yi taro, kowa zai zo da iyayensa. Ga siyara, motata, a ƙofa, kafin magariba na dawo da ke."

Ta ce, "Ka nuna mini a waya."

Ya nuna mata. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta matso da ita, ta ce idonta ba ya rarrabe komai a wannan ɗan gilashin. Ta miƙa masa ta ci gaba da cin abincinta. Na tashi na shiga kicin na daɗe ina wanke tukunyar da ba ta da datti. Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Wa zai ce wa tsohuwa ta saki abin da ta riƙe saboda mahaifinta, don kawai ta je ta kalli tsakuwa?

Malama ce ta tayar da zancen ba tare da ta san me ake ciki ba. Ta tambaye ni wa ke da tagar nan da na ɓata lokaci a kanta fiye da sauran. Na ce mahaifiyata. Ta ce tana so ta gaishe ta, ta san ba za ta iya shiga garinmu ba, amma ko za a kawo ta? Na gaya wa tafinta dalili a taƙaice. Malama ta gyaɗa kai, ba ta ce abin mamaki ne ba, ba ta kuma ce a lallashe ta ba. Ta ce in gaishe ta kawai.

Na isar da gaisuwa. Inna ta amsa, sannan ta yi tambayar da ban zata ba: "Tsawon wannan lokaci tana koya miki sana'a, me kika taɓa kai mata?" Na ce ba komai. Ta dube ni kamar na zubar da mutuncin zuriyarmu duka. Washegari tun da safe ta sa aka jiƙa shinkafa, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ta soya waina da hannunta, abin da ta daɗe da bari, ta yi miyar taushe, ta zuba a kwanonta na sha mai murfi da ba ta ba kowa aro. Malama ta ci da hannu yadda ta ga muna yi, yaji ya sa ta hawaye, ta ƙara. Ba wanda ya gaya mata cewa a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, amma da ta dawo da shi akwai wani busasshen biskit mai almon a ciki, wanda ta ce ita ta gasa, a tsoma a shayi ake ci.

Inna ta tsoma a shayi ta ci. Ta tambayi shekarun matar, na ce za su yi sa'a. Ta tambaya ko tana da 'ya'ya, na ce ɗaya, yana can ƙasarsu. Ta tambaya ta ina ta zo, na ce ta ƙetaro teku. Ta daɗe tana juya kofin a hannunta.

"Ita hana ta aka yi," in ji Inna. "Ni kuwa ba wanda ya hana ni."

Na ɓoye murnata, don na san in na nuna zumuɗi za ta janye. Ranar rufewa na fito daga wanka na same ta zaune a falo, ta sa abayarta ta zuwa Harami, sandarta a jingine, carbi a hannu. Ta ce wa ƙanena, "Yalla, mu tafi kafin rana ta yi zafi." Ni ko kallona ba ta yi ba.

Ban taɓa jin tsawon hanyar Jidda irin na ranar ba. Ina baya tare da ita. Da muka doshi alamun iyaka na ga leɓɓanta sun ƙara sauri, ta damƙe hannun ƙofa. Muka wuce. Ba ta waiwaya ba. Daga nan tsoro ya bar ta ya dawo kaina. Duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi, duk motar da ta matso kusa sai in ce wa ƙanena ya rage gudu, har ya ce, "Yaya, ko dai ke za ki karɓi tuƙin?" A raina ina cewa, in wani abu ya same ta a wannan hanya saboda kwaɗayin yabona, ina zan sa kaina? Na yi niyyar cewa a juya. Da na dube ta sai na ga ta saki hannun ƙofar tana kallon raƙuma a gefen titi, ta ce an yi gine-gine da yawa tun rabonta da nan.

Tsakar gidan ya cika da mutane, masu goge suna gefe suna kaɗawa a hankali, ana zagayawa da ƙananan kofuna na gahawarsu mai ɗaci. Malama ta hango mu ta taho da sauri. Tsofaffin biyu suka tsaya suna duban juna. Inna ta miƙa hannu, Malama ta kama da hannu biyu. Inna ta juya tafin matar ta ga tabban yankan, ta juya nata ta nuna mata tabban ƙunar mai na shekarun suyar waina, suka yi dariya tare ba wanda ya fassara musu komai.

Sannan Malama ta ja ta zuwa bangon. Ni na tsaya baya kusa da tafinta, don na san Inna ba za ta duba ba in ina gabanta. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa duwatsun. Ta ba ƙanena sandar, ta sa tafin hannu a ƙasan matakalar, ta riƙa hawa da yatsunta a hankali, tana tsayawa a kowace ƙofa. Ina jin tana ambaton masu gidajen ƙasa-ƙasa, waɗanda suka rasu tana yi musu addu'a, waɗanda suka watse cikin gari tana cewa ko suna ina yanzu. Ba ta yi kuskuren gida ko ɗaya ba. Ta daɗe a wurin har mutane suka fara ba ta fili.

Da ta gama ta juyo wajen Malama. Inna ta yi shekara da shekaru tana ciniki da Larabci, ga tafinta a tsaye, da ta yi Larabci da magana ta wuce kai tsaye. Sai ta yi Hausa, alhali a duk tsakar gidan nan ba mai jin Hausa sai ni da ƙanena, shi kuma ya koma gefe da sandar. Ba ta kalle ni ba, Malama take kallo.

"Ke, gaya mata na gode. Gaya mata ta samu ɗaliba, don yarinyar nan tun tana ƙarama duk abin da hannunta ya taɓa sai ya yi kyau. Rigar farko da ta ɗinka tana nan a ƙasan akwatina. Gaya mata ni ba na faɗa ne kawai, amma ba abin da ta taɓa yi da ban gani ba."

Na juya wajen tafinta, da ƙyar na ce da Larabci, "Ta ce ta gode ƙwarai."

Inna ta buga tafin hannunta a cinya. "Ina jin Larabci fa. Ba iyakar abin da na ce ke nan ba. Na baro Harami na zo nan, ki tsaya kina rage mini magana? Faɗi duka."

Na faɗi duka, kalma bayan kalma, da bakina, tafinta tana juya wa Malama, Inna kuma tana tsaye tana saurare tana gyaɗa kai, don ta tabbata ban bar komai ba.